Wane ne ke Riƙe da Jakar Wasiƙunmu?



Duk wanda ya haura shekara talatin zai tuna zamanin da ɗan ci-rani a Kwatano ko Abijan ke rubuto wasiƙa gida, ya liƙe ambulan, ya damƙa wa direban babbar mota. Bayan mako biyu ta iso, ta sha ƙura da maiƙo, a kawo ta zauren mahaifina domin a karanta wa tsohuwa. Direban nan mutumin kirki ne, bai taɓa yaga ambulan ɗin kowa ba. Amma ya san wane yana rubuto wa wance sau biyu a wata, alhali rabonsa da rubuto wa mahaifinsa tun babbar salla. Ya san ambulan ɗin da ke da nauyi. Da rubutun bayan ambulan kaɗai, da ya so, da ya ba da labarin rabin gari.

Yau direban ya koma cikin salula, kuma jakar wasiƙun mafi yawan gidajenmu tana hannun direba guda. WhatsApp, wadda aka kafa a 2009, kamfanin Facebook ya saye ta a 2014 kan kuɗi kimanin dala biliyan 19. Adalci shi ne a faɗa cewa tun daga 2016 saƙonninta a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, ta yadda ko kamfanin ba ya iya karanta su. Ambulan a liƙe take. Abin da ba a liƙe ba shi ne bayanta: lambar wayarka, irin wayar da ke hannunka, lokutan da kake shiga da fita, rukunonin da kake ciki, da lambobin da ke cikin littafin wayarka idan ka ba da izini. A ƙasashenmu kuwa, inda ba a sayar da layi sai da takardar shaida, lambar waya da sunan mutum abu ɗaya ne.

A watan Janairu na 2021 kamfanin ya fito da sababbin sharuɗɗa, ya ce wanda bai amince ba ya nemi wata hanya. Miliyoyin mutane suka kwarara zuwa Signal da Telegram, har aka tilasta ɗage wa'adin zuwa watan Mayu. Ranar 4 ga Oktoba na wannan shekarar kuma, wani kuskure a na'urorin kamfanin ya rufe WhatsApp da Facebook da Instagram kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Mai sayar da atamfa a kasuwar Maraɗi da likita a Birazil duk suka yi jugum lokaci guda.

Sau da yawa akan haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Kulle saƙo daban, rarraba iko daban. Signal ta fi kowa suna wajen kulle. Hasali ma makullinta WhatsApp ta ara. Gidauniya ce ke tafiyar da ita, ba ta talla, kuma da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan masu amfani da ita a 2016, abin da ta iya miƙawa shi ne ranar da aka yi rajista da ranar ƙarshe da wayar ta shiga. Duk da haka tasharta ɗaya ce. A watan Oktoba na 2025, da na'urorin kamfanin Amazon da take haya suka samu matsala, ita ma ta ɗauke na wani lokaci. Telegram kuwa, wadda da yawa daga cikinmu ke ɗauka maɓoya ce, hirarrakinta na yau da kullum da na rukuni ba su da wannan kulle na waya zuwa waya. Sai mutum ya buɗe hirar sirri da gangan.

Manhajojin da muke magana a kansu a yau sun ɗauki wata hanya: a kawar da tashar guda ɗin gaba ɗaya. Kashi biyu ne manya.

Kashi na farko ya yi kama da gidajen waya na ƙasashe: kowace ƙasa da nata, amma wasiƙa na ƙetarawa saboda an yi yarjejeniya kan yadda ake rubuta adireshi. Tsohuwar wannan hanya ita ce Jabber, wadda Jeremie Miller ya fara a 1999, aka san ta daga baya da XMPP. Wadda ta fi tashe yanzu ita ce Matrix, da Matthew Hodgson da Amandine Le Pape suka assasa a 2014, kuma manhajar da aka fi shiga cikinta da ita ana kiranta Element. A nan kowace ƙungiya, ko jami'a, ko asibiti, na iya kafa nata rumbun, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin mambobinta tana miƙa su ga sauran rumbuna. Tsarin bai tilasta lambar waya ba. Idan rumbu ɗaya ya faɗi, saura na tsaye. An ga haka ƙuru-ƙuru a watan Satumba na 2025, lokacin da babban rumbun Matrix na kowa-da-kowa ya lalace kusan yini guda, amma masu nasu rumbun suka ci gaba da hira a tsakaninsu.

Masu mulki sun riga talakawa gane amfanin wannan. Gwamnatin Faransa ta gina wa ma'aikatanta Tchap bisa Matrix a 2019, a 2025 kuma ofishin firaminista ya umarci ma'aikatun gwamnati su koma kanta wajen aiki. Rundunar sojan Jamus tana da tata tun 2020. Dalilinsu a fili yake: ba sa son jakar wasiƙun ƙasa ta kwana a hannun kamfanin wata ƙasa. Abin dariya shi ne, a ranakun farko na Tchap wani masanin tsaron kwamfuta Bafaranshe ya kutsa ciki ta hanyar wasa da adireshin imel, ya nuna musu ramin, aka toshe.

Kashi na biyu ya fi tsauri: babu rumbu sam, waya ce ke magana da waya. Briar, wadda ta fito sosai a 2018 domin wayoyin Android, tana bi ta hanyar Tor mai ɓatar da sawu idan akwai intanet. Idan babu, ta bi ta Bluetooth ko Wi-Fi, kai har da katin memori ana iya ɗaukar saƙo a kai wa mai shi. Mu da muka saba tura wa'azi da fina-finai daga waya zuwa waya a bakin kasuwa, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A Yuli na 2025 Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya fito da Bitchat, inda saƙo ke tsallake daga waya zuwa ta kusa da ita har ya isa. Bayan wata biyu, da gwamnatin Nefal ta toshe dandalin sada zumunta, matasan ƙasar suka yi ta sauke ta. Akwai kuma Session da SimpleX, waɗanda ke tsakatsaki: suna bi ta rumbuna masu yawa da ba mutum ɗaya ke da su ba, kuma ba sa tambayar lamba ko imel.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mun ɗanɗana. A Nijar an ɗauke intanet na salula kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. A Cadi an toshe dandalin sada zumunta wata goma sha shida, daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019. Yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi sun yi wata uku babu intanet a farkon 2017. A Zamfara an rufe layukan waya gaba ɗaya a Satumban 2021. Sai dai kada a ruɗe mu. Bluetooth ba ta wuce ƴan mitoci, in ta yi ƙoƙari ta ƙetara tsakar gida da titi. Tana iya haɗa ɗalibai a harabar jami'a ko masu zanga-zanga a dandali guda. Ba za ta kai gaisuwa daga Yamai zuwa Maraɗi ba, tafiyar fiye da kilomita 600. Ita ma Matrix, da duk rumbunanta, idan aka yanke intanet ta yi shiru kamar kowa.

To, me ya sa abu mai wannan daraja bai shiga gidaje ba? Na gwada da kaina, don haka zan faɗi abin da na gani.

Bara na shawo kan danginmu, mu goma sha bakwai, muka koma ɗaya daga cikin manhajojin nan da ba sa neman lamba. Dalilina mai ƙarfi ne: a rukunin gida ake tattauna rabon gado, da rashin lafiyar da ba a so maƙwabta su ji, da saɓanin ƙanwata da mijinta. Ranar farko na kwana ina saka wa kowa, ina rubuta wa kowa kalmomin sirrinsa a takarda, domin a wannan tsari kalmomin nan su ne mabuɗin, babu kamfanin da ya ajiye kwafinsu. Gwaggo ta karɓi tata takardar ta dube ni ta ce, “Kai ɗan nan, laya ka rubuto mini?” Na ce, “Gwaggo, ki adana ta kamar takardar gona.” Bayan wata guda wayarta ta ƙi tashi, aka kai wa mai gyara ya wanke ta tas. Takardar kuwa jikoki sun yi jirgi da ita. Duk muryoyin da ɗanta ya aiko mata daga Libiya suka tafi. Da a WhatsApp ne, da an mayar da layi, lamba shida ta shigo, aƙalla ta koma cikin rukunin ta samu mutanenta. Wannan sauƙin da muke ji, shi ne ainihin igiyar da ta ɗaure mu da lambar waya da kamfani. Idan an tsinke igiyar, nauyin ajiya ya dawo kan tsohuwar da ba ta karanta boko.

Sai maganar wayoyin kansu. Mafi yawan na gidajenmu ƙanana ne, cikinsu ya cika, batirinsu ya gaji. Manhajar da ba ta da rumbu dole ta zauna a farke tana jiran saƙo, tana shan caji, a garin da wuta ke zuwa ta tafi. A Briar, in ba an keɓe wata waya ta zama akwatin ajiya ba, sai ku biyu kuna kan layi lokaci guda saƙo ke wucewa, kuma ba a kiran murya da ita, alhali mu al'ummar murya ce. Ga kuɗi: a ƙasashe da yawa kamfanonin salula na sayar da ƙunshin intanet mai rahusa na WhatsApp da Facebook kaɗai, wanda ba ya buɗe waɗannan.

Akwai wata matsala da masu yabon rarraba iko ba su cika ambata ba, ni kuwa ita ta fi tsaya mini a rai. A ce ƙungiyar unguwa ta kafa nata rumbun Matrix. Saƙonni a kulle suke, gaskiya ne. Amma rubutun bayan ambulan yanzu yana gaban wa? Gaban yaron da aka ba riƙon kwamfutar, ɗan wan sakatare, wanda zai iya ganin wace ce ke aika wa wane saƙo ƙarfe biyu na dare. Baƙon da ke Kalifoniya bai san Hajiya ba, bai damu da ita ba. Wannan kuwa gobe za su haɗu a wurin suna. An hana mu bin diddigin juna, amma ba kowane matashi ke iya kawar da kai daga ƙofar da aka bar masa a buɗe ba. Rarraba iko bai kawar da buƙatar amintacce ba, wurin zamansa kawai ya sauya. Faransa tana da ma'aikata da albashi da doka a kan masu riƙon rumbunta. Ƙungiyar unguwa tana da ɗan sa-kai da zai tafi karatu baɗi.

Su ma masu gina waɗannan abubuwa suna fama da aljihu. Signal ta bayyana a 2023 cewa tafiyar da ita zai kai kimanin dala miliyan 50 a shekara. Gidauniyar Matrix ta fito fili a 2025 tana neman gudummawa, tana kukan cewa manyan hukumomi na cin moriyar aikinta ba tare da sun zuba abin kirki ba. Moxie Marlinspike, wanda ya ƙirƙiro Signal, ya yi rubutu tun 2016 yana cewa tsarin rumbuna da yawa yana da nauyin jiki, domin duk gyaran da za a yi sai an jira kowa ya yarda. Ya ba da misali da imel, wadda har yau ba ta da kulle na asali. Hodgson ya mayar masa da martani, kuma muhawarar ba ta mutu ba. Tarihi ma ya nuna cewa babba na iya shiga tsarin haɗaka ya fita da jama'a: Google ta gina Google Talk bisa XMPP a 2005, sannan ta juya wa haɗakar baya a 2013. Sabon abu kuma ba a rantsuwa a kansa. Kwanaki kaɗan da fitowar Bitchat wani mai bincike ya nuna cewa ana iya yin sojan gona da sunan wani a cikinta, har Dorsey ya saka gargaɗi cewa kada a dogara da tsaronta tukuna.

Babban shingen dai shi ne mutane. Kasuwa ba rumfuna ba ce, masu ci ne. Malamin makarantar yara, da mai kawo ruwa, da surukai, da mai bin ka bashi, duk suna wuri ɗaya. Tarayyar Turai ta gane haka, ta kafa dokar da ta tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji. A ƙarshen 2025 aka sanar da biyu na farko, dukansu ƙanana, kuma ƙofar ga mazauna Turai kaɗai aka buɗe ta.

Ga maigida ko uwargida da ke tambayar abin yi, shawarata ba ta da tsawo. Wanda aikinsa ke jawo ido, ɗan jarida, lauya, likita, mai sasanta ma'aurata, ya dace ya koyi ɗaya daga cikin waɗannan tun ana zaman lafiya, ya saka ta tare da mutum uku ko huɗu da yake buƙata, domin ranar da aka ɗauke intanet ba a iya sauke komai. Sauran gida kuwa su fara da abin da ke hannunsu: a sa wa waya makulli, a kunna lambar sirri ta biyu a WhatsApp, a kulle ajiyar da take turawa Google, kada a karanta wa kowa lamba shidan nan ko da ya ce daga kamfani yake, kuma a cire katin memori kafin a miƙa waya ga mai gyara. A iya sanina, asirin gidajenmu da ya tonu bai bi ta Kalifoniya ba. Wani daga cikin rukuni ne ya danna ya tura muryar gaba, kuma wannan babu manhajar da ke hana shi.

Danginmu sun koma inda suka fito kafin azumi. Mu uku muka rage a sabon wurin: ni, da yayana da ke riƙe da takardun gado, da ƙanwar tamu. Kalmomin sirrin kowannenmu na rubuta su sau biyu, kwafi ɗaya yana cikin akwatin littattafan mahaifinmu, inda jikoki ba sa kai hannu.