Kare ba ya magana, amma jininsa yana yi

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, da yawa daga cikinmu nan Dakoro da kare muke tsaron shago da garken awaki. Makiyayan kwarin Tarka su ma ba su rabuwa da shi. Amma in ya fara tari, yana haki bayan ɗan gudu kaɗan, cikinsa yana kumbura, sai mu ce tsufa ne ko kasala.

Sau da dama ciwon a zuciya da huhu yake. Akwai wata tsutsa da sauro ke sa wa kare in ya cije shi. Cikin wata 6 zuwa 7 take girma, tsawonta ya kai santimita 30, ta zauna cikin jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu. Hanya ta ƙuntata, jini ya matsu, zuciya ta yi ta fama har ta gaji. An sha samun wannan tsutsa a karnukan Najeriya maƙwabciyarmu.

To yaya ake ganewa? Likitan dabbobi yana ɗibar jini kaɗan ya duba a madubin likita, wani lokaci ya ga ƴaƴan tsutsar suna motsi. Ƙwayoyin jini su ma suna ba da labari: wasu fararen ƙwayoyi kan ƙaru, masu daskarar da jini kan ragu. Masu bincike sun kuma lura cewa in jini ya matsu a huhu, jajayen ƙwayoyi kan bambanta da girma, wasu manya wasu ƙanana. Duk wannan alama ce da ke sa likita ya zurfafa bincike, har da hoton zuciya in da hali.

Ga inda abin ya shafe mu. Allurar ibamektin ta dabbobi tana yawo a kasuwanninmu. In aka yi wa kare mai ɗauke da tsutsar ba tare da awo ba, ƴaƴanta kan mutu a lokaci guda, karen ya galabaita, har ya rasa ransa.

Tun shekarar 2003 shirin PROXEL ya kawo aikin likitan dabbobi mai zaman kansa kusa da jama'ar Dakoro, ga kuma sarwishin dabbobi na gwamnati. Saboda haka kafin mu sayi magani, ko mu sayar wa wani, mu fara kai karen a duba shi. Da damina kuma mu cike kududdufan bayan rumfunanmu, don a nan sauro ke hayayyafa.