Daga Ijaza zuwa Lasisin Koyarwa

Ƙetare iyaka domin neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya bi Malam Jibrilu har Agadas, kuma ɗansa Muhammadu Buhari, wanda ya zauna Tambuwal, a cikin wannan tsari ya tashi. A wancan zamani shaidar malami ita ce ijaza, watau iznin da shaihinsa ya ba shi na ya karantar da littafi kaza, tare da jerin waɗanda aka karɓo shi daga hannunsu. Ijaza ba ta san kan iyaka ba, domin da sunan mutum take tafiya, ba da hatimin gwamnati ba.

Takardar zamani kuwa ba haka take ba. Kowace ƙasa ita ke auna malamanta da mudunta. Alal misali, a ɗauki ɗalibi daga Kebbe wanda ya yi digirin Shari'a a Madina ko Azhar. In ya komo gida, sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta duba takardarsa ta faɗi matsayinta. Ko ta amince, a idon doka masani ne kurum, bai zama malamin makaranta ba tukuna, tun da ba a koya masa dabarun koyarwa ba. Sai ya ƙara da difilomar aikin malanta, kana ya nemi rajista wurin Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda Doka ta 31 ta 1993 ta kafa, wadda kuma ta soma yi wa masu nema jarrabawa a 2017. Mutumin da ke fassara Muhtasar a zaure yakan ji zafin wannan, amma dokar tana da hujja: sanin abu daban, iya cusa shi a kan yara sittin daban.

Mai fita ma haka yake tararwa. A watan Fabrairu na 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya, da na Gana da Indiya da wasu ƙasashe, ƙofar neman shaidar ƙwararren malami tun suna gida. Sharuɗɗan da ta gindaya a lokacin su ne digiri, da horon malanta, da koyarwar aƙalla shekara guda, da wasiƙar hukumar rajista mai tabbatar da cewa ba a taɓa kama mutum da laifin aiki ba. Ashe ke nan wanda ya yi sakaci da rajista a gida ya rufe wa kansa ƙofar waje. Mai takardar NCE kaɗai kuwa, ko ya shekara ashirin a aji, ba ya cikin lissafi.

Abin lura shi ne fannonin da aka zaɓa: lissafi, da kimiyya, da harsuna. Ingila giɓinta take cikewa. Malamin lissafin da ta karɓa, wataƙila shi kaɗai ne a makarantarsa ta Tambuwal, kuma kuɗin talakawan nan ne suka horar da shi.