Masu Haɗa Shiri a Tashar Hunan

A ƙasar Sin kowane lardi yana da tasharsa ta talabijin, amma wadda ta koya wa sauran yadda ake riƙe mai kallo ita ce ta lardin Hunan, da ke birnin Changsha. An buɗe ta a 1960, ta kuma daɗe tana tashar gida da ba ta wuce iyakar lardi ba. Ranar 1 ga Janairun 1997 ta hau tauraron ɗan Adam, daga nan aka fara kama ta a ko'ina cikin ƙasar.

Labarai da manyan al'amura suna hannun tashar CCTV ta Beijing, don haka ma'aikatan Hunan suka rungumi nishaɗi hannu bibbiyu. A watan Yulin 1997 suka soma Happy Camp, shirin wasa da dariya na daren Asabar, wanda ya yi sama da shekara 20 ana nuna shi. Sai gasar waƙa ta Super Girl, inda duk yarinyar da ta ga za ta iya ta zo ta shiga layi, kuma masu kallo ke zaɓe da saƙon tes. A 2005 Li Yuchun ta lashe da ƙuri'a sama da miliyan 3.5. A 2011 hukuma ta dakatar da gasar, ta ce tana wuce lokacin da aka ware mata.

Ni dai waɗanda suka fi burge ni su ne masu tace hoto, waɗanda mai kallo bai ma san fuskarsu ba. A wani shiri na iyaye maza da 'ya'yansu da aka fara a 2013, wanda aka sayo tsarinsa daga tashar MBC ta Koriya ta Kudu, kyamarori ne ke bin yara cikin ƙauye dare da rana. Mai tacewa zai zauna gaban kwamfuta yana tariya yana maimaitawa, har ya tsinto daƙiƙa biyun da yaro ya turo baki, ya ɗora masa 'yar kalma ko ɗan zane a saman kai. Dariyar da ake yi a gidaje, yawancinta a ɗakin masu tacewa aka ƙera ta.

Da matasa suka koma kallo a waya, tashar ba ta tsaya jira ba. A 2014 ta mai da hankali kan dandalinta na intanet, Mango TV, ta daina sayar wa sauran dandali manyan shirye-shiryenta, ta riƙe abinta.