Damina Ta Sake Hali a Bakin Kogin Haɗejiya

A ƙauyukan da ke zube a bakin Kogin Haɗejiya, daga Ringim zuwa Auyo har a gangara Guri, buhu ya samu aiki na biyu. Da watan Agusta ya kama, sai ka ga samari a gaɓar kogi da shebur suna ɗura yashi a tsofaffin buhunan taki, suna ɗaure baki, suna jerawa a kan jinga. A ƙauyen da nake ba da labarinsa, bulama ne ke sa a yi shela bayan magariba, kowane gida ya fitar da mutum ɗaya. Gayya ce, ba a biyan kowa, sai kunun da mata ke aikowa a bokiti. Da dare ana yin karɓa-karɓa, wasu su runtsa, wasu su zaga jinga da tocila suna neman inda ruwa ya fara tsattsafowa, don ramin gafiya guda ya isa ya rushe aikin mako.

Mutanen nan ba baƙin ruwa ba ne. Ambaliyar shekara-shekara ce ma ta zaunar da kakanninsu a wurin. Ita ke shimfiɗa laka a fadama, ita ke kawo tarwaɗa da karfasa, in ta janye ta bar danshi da ciyawa ga shanun Fulani. A tudu ana noma gero da dawa da riɗi, a fadama shinkafa, da rani kuma alkama da albasa da tumatir. Abin da suke kuka da shi yanzu shi ne ruwa ya daina zuwa da lissafi.

Dattawa suna da alamominsu na faɗuwar damina: shamuwa ta dawo, gawo ya fara zubar da ganye, iska ta juyo daga kudu maso yamma. Mai ƙarfin hali har binne yake yi, ya sa iri a busasshiyar ƙasa ya jira. Yau ana yin ruwan shuka mai kyau, kowa ya fita da sungumi, tsiro ya leƙo, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku. Tsiron ya ƙone. A sake shuka, wani lokaci har sau uku, irin da aka ɓoye a rumbu ya ƙare, a shiga kasuwa neman bashi. Can cikin Agusta ko Satumba kuma, ruwan da ya kamata ya rarrabu cikin makonni sai ya sauko a dare ɗaya. Katangar ƙasa ta sha ta ƙoshi, azara ta saki, soro ya rufta. Shi ya sa in hadari ya haɗo da dare, uwa ba ta barci. Takan kwashe yara daga ɗakin ƙasa ta kai su rumfar kwano, gara sanyi da ruftawar gini.

Kowa a garin ya yi imani ruwa na Allah ne, kuma haka ne. Amma imanin bai hana su ɗura buhu ba, bai kuma kamata ya hana mu faɗin abin da hannun ɗan Adam ya jawo ba.

Duk lokacin da aka ƙona kwal ko fetur ko gas, iskar kabon na tashi sama, kuma wani kaso nata yakan zauna a can ɗaruruwan shekaru. Kafin zamanin masana'antu, yawanta a sararin samaniya kusan kashi 280 ne cikin miliyan. Da masanin kimiyya Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ya tarar da kusan 315. Yanzu ta haura 420. Iskar tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare wani ɓangare na zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar ɗakin kwano da aka toshe wa taga da tsakar rana. Shekarar 2024 ce mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai. Kuma duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari. Abin da ta ɗauka kuwa dole ta sauke.

Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, ya kuma danganta hakan da ƙarin zafin hamadar Sahara. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 zai yi zaton masifar yankin nan rashin ruwa ce kaɗai. Ruwan ya dawo, amma da fushi ya dawo. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Masana na World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin ruwan da aka yi a yankin Tafkin Cadi a shekarar kusan sau 80. A Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa.

Ɓarnar ba ta ƙarewa da janyewar ruwa. Alkama amfanin sanyi ce, tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta yi ƙwaya a cikin hunturu. In ambaliya ta daɗe kwance a fadama, shuka ta yi latti, sai zangarniya ta fito daidai lokacin da zafin Maris ya kunno kai. Manomi ya murza ta a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya ga ƙwayar ta tsumbure, bayan kuɗin fetur da ya zuba wa injin ban ruwa. Akwai masu cewa ai kabon abincin tsiro ne. Gaskiya ne shinkafa da alkama kan ɗan amfana, amma gero da dawa ba sa samun wani abin kirki, kuma gwaje-gwaje sun nuna alkama da shinkafar da suka tashi cikin yawan kabon suna da ƙarancin furotin da zinki da sinadarin ƙarfe.

Sai dai rashin adalci ne a ɗora wa sama dukan laifi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗejiya ya daina bushewa da rani kamar da. Ruwa mai kwanciya ya ba ciyawar kacalla wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, kogi ya rasa mafita sai gonaki da gidaje. A cikin kacallar nan tsuntsayen jan-baki ke kwana. Da asuba za ka ji yara a gonar shinkafa suna kaɗa gwangwanaye a jikin igiya, muryoyinsu sun dishe, a lokacin da ya kamata suna makaranta. Wannan ɓangaren namu ne, kuma mu za mu iya gyara shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk abin da ke ƙona mai a ƙauyen nan injinan ban ruwa ne da babura da injin niƙa. Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na kabon da duniya ke fitarwa ba. Sin ce kan gaba a yau, Amurka ce ta fi kowa tarawa a tarihi. A taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 an amince da kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa, kuma irin waɗannan mutane ne ya kamata kuɗin ya fara isa gare su. Mu ma da ke ƙona gas a banza a Neja Delta ba mu da bakin wanke kanmu.

Kafin manyan duniya su gama tarukansu, akwai aikin da ba ya jira. A yashe kogi, a sare kacalla tun da rani, kada a bari sai ruwa ya kai gwiwa. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara ya isa kunnen manomi da Hausa a rediyo kafin ya taɓa irinsa, kuma masu kula da madatsu su sanar da ƙauyuka kafin su saki ruwa. Gwamnatocin Jigawa da Kano da Yobe, kogi ɗaya ne ya haɗa ku. Ku gina wa mutanen nan jinga mai ƙwari kafin damina mai zuwa.