Taron Ilimi Ba a Aika Masa Wakili

Duk mai zama a majalisun bakin titin BUK, daga Ƙofar Ɗan Agundi har zuwa tsohuwar Jami'ar Bayero, ya san hirar da ke tashi idan lokacin ƙarin girma ya matso. Sai ka ji malami yana ce wa abokinsa, "Don Allah saka sunana a takardar, ka karɓo mini satifiket, zan turo maka kuɗin rajista." Wani kuma ya ce ai zuwa taro asarar kuɗi ce tunda ga Zoom. Na farkon ha'inci ne tsagwaronsa, bai ma cancanci dogon bayani ba. Na biyun ne ke damuna, domin masu faɗarsa gani suke wayewa ce.

Fannin da nake magana a kai shi ne nazarin mu'amalar ɗan Adam da kwamfuta, wato yadda mutum ke amfani da waya ko ATM ko manhaja, da abin da ke ba shi wuya. Babban taronsa shi ne CHI, wanda ƙungiyar ACM ke shiryawa tun farkon shekarun 1980. Afirka ma tana da nata, AfriCHI, da aka fara a Nairobi a 2016, aka sake a Windhoek ta Namibiya a 2018.

To, mai cewa Zoom ya wadatar, ga tambaya. A 2020 korona ta sa aka soke CHI da za a yi a Honolulu, a 2021 aka yi shi kacokan ta intanet. Da annoba ta lafa, sai masanan suka koma zaure a New Orleans a 2022, duk da an bar ƙofa ga masu shiga daga nesa. Mutanen da sabis ba ya yanke musu, wasunsu ma su ke ƙera irin waɗannan manhajoji, me ya mayar da su jirgi da otal? Mu da data ke ƙare mana ana tsaka da jawabi, mu ne muka fi su gane amfanin Zoom?

Wannan fanni da hannu ake yinsa. A zauren baje koli mai bincike zai miƙa maka waya ya ce gwada, ya ja gefe ya yi shiru yana kallon babban yatsanka. Inda yatsan ya tsaya yana laluben wurin dannawa, nan ne aikinsa ya gaza, kuma ta kyamara da wuya ya ga haka. Mu kuwa muna da abin nunawa fal. A ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, dattawa nawa muka gani suna miƙa wa yaron POS kati tare da lambar sirri saboda ba sa iya karanta abin da na'ura ke tambaya? Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, alhali akwai yaron da ranar jarrabawa ce farkon haɗuwarsa da ita. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya zauna ya ƙirƙiro musu salon bugawa a kwamfuta a shekarun 1990. Injiniyan da ke Amurka bai san da waɗannan ba. Wa zai faɗa masa, in wanda ya sani ya kashe kyamara, sunansa na kan allo shi kuma yana Kantin Kwari?

Sannan rabin amfanin taro a hutun shan shayi yake. A nan ake samun mai duba digiri na uku, da abokin rubutu, da wanda zai ce maka kai tsaye hanyar bincikenka ba za ta ɓulle ba. A maƙwabcin fanni, ƙungiyar Masakhane mai aiki kan harsunan Afirka ta kafu ne a taron Deep Learning Indaba na Nairobi a 2019, kuma masu binciken Hausa na cikin waɗanda suka ci moriyarta.

Gaskiya ne, kuɗin jirgi da biza matsala ce ta gaske, Kanada ma ta hana masu bincike 'yan Afirka da dama shiga taron NeurIPS a 2018 da 2019.

Amma ba dole a fara da Turai ba. Fara da na gida: tarukan tsangayar kwamfuta, da na Gidan Mambayya, da taron shekara-shekara na Nigeria Computer Society. Accra da Dakar sun karɓi Indaba a 2023 da 2024, kuma ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza zuwa can. Malamin jami'a ko kwalejin gwamnati ya nemi tallafin halartar taro na TETFund da wuri, ba sai saura mako biyu ba. Ɗalibi ya nemi aikin sa-kai, domin CHI na yafe kuɗin rajista ga ɗaliban da suka yi wa taron hidima. In ba ka da cikakkiyar maƙala, kai fosta. Taron da ya karɓi takardarka cikin kwana biyu ya hau tambayar kuɗi, guje shi, 'yan kasuwa ne. Tafi da 'yar ƙaramar waya mai madannai irin ta talakawanmu, ka sa a gwada manhaja a kanta. Kar ka je har wata ƙasa ka liƙe wa 'yan Kano kuna hirar siyasa, ko ka tsere kasuwa sayen tsaraba da zarar ka sa hannu a rajista. Idan ka dawo, tara ɗalibanka ka faɗa musu abin da ka gani.

Ku kuma shugabannin sassa da kwamitocin ƙarin girma, ku daina karɓar satifiket kawai. Duk wanda ya ce ya je taro, ya tsaya gaban sashe ya gabatar da abin da ya gabatar a can, a yi masa tambayoyi.