Ko Ka Sani? Sabon Rediyon da Kullum Yake Makara

Ko ka san cewa rediyon dijital, wanda masana suka shafe shekaru suna ƙerawa domin ya gaji tsohon akwatin da muka taso muka tarar a ɗakunan iyayenmu, wanda kuma ya fi tsohon tsabtar murya da yawan tashoshi da sauƙin sarrafawa, har yau ya gaza a kan abu guda da tsohon yake yi ba da wata wahala ba, wato faɗin lokaci daidai? Idan mai shela ya ce ƙarfe shida ta yi, to lalle ta yi tun daƙiƙa biyu ko fiye da suka shige, kuma babu wata dabara da mai akwatin zai yi, ko ya ja eriya ko ya sake batir, wadda za ta kawar da wannan jinkiri, domin ba lalacewa ba ce, a cikin asalin ƙirar na'urar yake.

Tarihin abin ba shi da tsawo. A shekarar 1987 ƙasashen Turai suka soma aikin tsarin da ake kira DAB a ƙarƙashin shirin bincike na Eureka 147, a 1995 kuma gidan rediyon Norway da BBC suka fara watsa shirye-shirye da shi. Akwatunan farko na gida, irin wanda kamfanin Arcam ya fitar a ƙarshen shekarun 1990, ba su da lasifika tasu, kamo tasha kurum suke yi a jona su da amfilifaya, kuɗinsu kuwa ya kusa fam 800, sai a 2002 da kamfanin Pure ya fito da Evoke-1 a ƙasa da fam ɗari sannan talakan Ingila ya iya miƙa hannu. Babu murɗa allura ana laluben mita. Akwatin da kansa yake bincike, ya jera sunayen tashoshi a fuskarsa, mutum ya zaɓa. Wannan duka alheri ne, amma ba shi ne abin ajabin ba.

Abin ajabin yana ga 'yan sautukan nan shida da BBC take bugawa a kan sa'a. Tun ranar 5 ga Fabrairu 1924 ake jin su, bisa shawarar Frank Dyson, babban masanin taurari na masarautar Ingila, da amincewar John Reith, shugaban BBC na lokacin. A yadda suke yau, biyar na farko gajeru ne, kowanne kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, na shida kuwa yana ɗaukar rabin daƙiƙa, farkonsa shi ne ainihin shigar sa'a. Idan kuma masana falaki suka ƙara daƙiƙa guda a shekara domin agogo ya daidaita da juyawar duniya, sai a ji bakwai. Shekara da shekaru mutane suna riƙe da agogonsu a hannu, yatsa a kan makunni, suna jiran wannan sauti na ƙarshe, kuma bai yaudare su ba, saboda saƙon rediyo yana tafiya da gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, tsohon akwati kuwa ba ya riƙe kome, abin da ya shigo ta eriya shi ne yake fita ta lasifika nan take.

Saurin nan ya kai inda hankali yake jinkirin gaskatawa. Sauti a cikin iska ba ya wuce mita 340 ko kusa da haka a daƙiƙa, saboda haka mutumin da yake tsaye a bakin kogin Thames yana hangen hasumiyar Big Ben daga nisan mita ɗari uku, sai kusan daƙiƙa guda ta wuce kafin bugun ƙararrawar ya iso kunnensa. Alhali kuwa mai sauraro a Kano, wanda tsakaninsa da Landan ya kai kimanin kilomita 4,500, idan daga Ingila kai tsaye aka watso bugun ƙararrawar ta gajeren zango, yana jin bugun nan kafin kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ya cika. Na nesa ya riga na kusa ji! Har ma akwai wani wasa da mutanen Landan suka sani: da yake tsakanin bugu da bugu akwai wajen daƙiƙa huɗu, wanda ya tsaya a nisan kimanin kilomita ɗaya da rabi da tsohon rediyo a hannu, idan sha biyu ta yi zai ƙirga bugu goma sha uku, domin na farko ta rediyo kaɗai zai ji shi, na ƙarshe kuma, bayan rediyon ya yi shiru, iska za ta kawo masa shi daga hasumiyar. Da rediyon dijital lissafin nan duk ya rushe.

To me ya sa sabon yake makara? Dalilan uku ne, kuma kowanne yana da hujjarsa. Da farko, a gidan rediyo ana mayar da murya lambobi, sannan a matse su, a zubar da abin da kunnen ɗan Adam ba ya ji, kuma na'urar da take wannan aiki dole ta tara guntun magana kafin ta san abin da za ta zubar. Na biyu, a ƙarshen tafiya akwatin gida yana buƙatar nasa lokaci ya warware lambobin ya mayar da su murya. Na uku shi ne wanda ya fi burge ni, domin jinkiri ne da aka sa da gangan.

Duk wanda ya yi mu'amala da tsofaffin littattafan hannu ya san cewa ɓarnar gara iri biyu ce. Idan ta cinye shaɗara guda ɗungum, abin da ke ciki ya tafi sai dai a nemi wani kwafi. Idan kuwa harafi ta ɗauke a nan, ta ɗauke wani a can, malami mai sanin nahawu da siyaƙin magana zai karanta ya wuce, ya cike giɓin da iliminsa. Masu ƙera DAB sun lura cewa ɓarnar da take samun saƙon rediyo, daga walƙiya ko tartsatsin injin mota ko inuwar dogon gini, ta iri na farko ce, a dunƙule take zuwa ta share abin da ya zo a jere. Sai suka ce, tun da ba mu da ikon hana ɓarna, bari mu canza siffarta. Kafin a watsa, sai a wargaza lambobin, a raba maƙwabci da maƙwabcinsa, a shimfiɗa su a kan fiye da sulusin daƙiƙa, a kuma rarraba su a kan ƙananan hanyoyi 1,536 da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta yadda idan musiba ta afka wa wani yanki, in akwatin gida ya mayar da kowace lamba mazauninta, sai a tarar ɓarnar ta watsu ɗaya a nan ɗaya a can, lissafin gyaran kuskure ya cike ta. Illa dai akwatin ba zai iya furta kalma ba sai ɓangarenta na ƙarshe ya iso. Ashe tsabtar muryar da ake yabo da jinkirin da ake zargi, tushensu guda.

Na taɓa ganin abin da idona a gidan wani yayana a Ingila, inda uwargida take da tsohon rediyon FM a kicin, shi kuma ya ajiye na dijital a falo, duka biyun a tasha ɗaya. Wanda ya tsaya a tsakanin ɗakunan biyu zai ji mai karanta labarai ya faɗi jimla a hagu, yana tsakiyar ta biyu sai ya sake faro ta farko a dama, har kan mutum ya ɗaure ya rasa wadda zai bi. Da na yi magana sai maigidan ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ai kullum haka suke, na kicin ne a gaba. Ran da ake ƙwallo, daga ihun yayarka nake sanin an ci, sannan nawa ya ba ni labari." Ya ƙara da cewa ko akwatunan dijital biyu aka kunna, muddin ba ƙirar kamfani ɗaya ba ne, da wuya bakinsu ya zo ɗaya, don kowanne da gwargwadon lokacin da yake ɗauka wajen warware lambobi.

Wannan saɓani tsakanin akwati da akwati shi ne ya toshe maganin da yake fara zuwa zuciya, wato a riƙa buga sautukan shida da wuri domin su iso a kan kari. Da wuri da nawa, alhali jinkirin ba ɗaya ba ne a kowane gida? Mai sauraro ta intanet kuwa nasa ya fi muni, yana iya kai rabin minti. Wani abin dariya shi ne cewa yawancin akwatunan nan suna da agogo a fuskarsu wanda yake saita kansa daga lambobin da tasha take aikowa, har mutum ya ga sa'a ta cika a rubuce, sannan daga baya lasifika ta sanar da shi.

Gyaran kuskuren nan ma yana da haddi. Tsohon rediyo idan tasha ta yi nisa sai murya ta riƙa nutsewa a cikin shuu sannu a hankali, mai naci ya kanga kunne ya tsinci abin da zai tsinta, kamar yadda masu sauraron sashen Hausa na BBC suka saba tun daga 1957. Na dijital bai san wannan sassauci ba: muddin lissafi yana iya cike giɓi, murya tana nan garau, da zarar ɓarna ta fi ƙarfinsa sai a ji wata irin ƙara da Turawa suke kwatantawa da tafasar taɓo, daga nan sai tsit. Sau da yawa matsar da akwatin taku biyu zuwa taga shi ne bambancin ji da rashin ji.

Duk da haka Norway ta yanke hukunci, ta zama ƙasa ta farko da ta rufe tashoshinta na ƙasa a zangon FM, ta fara daga garin Bodø ranar 11 ga Janairu 2017 da ƙarfe 11 da minti 11, ta kammala a can arewa ranar 13 ga Disamba, ko da yake an bar wa ƙananan tashoshin gari zangonsu. A ɓangarenmu kuwa, tsarin da ya fi kusa da mu shi ne DRM, wanda aka yi domin gajere da matsakaicin zango, wanda Indiya ta runguma, kuma tashar Muryar Najeriya da aka buɗe a Lugbe kusa da Abuja a 2012 tana da injunan da za su iya watsa shi. Da yake saƙon gajeren zango sai ya hau sama ya dawo, yana dushewa yana farfaɗowa a hanya, wargaza lambobin a wannan tsari yana iya kai daƙiƙa biyu cur, ban da sauran jinkiri. Gwargwadon wuyar hanya, gwargwadon haƙurin da ake nema daga mai sauraro.

Saboda haka wanda Allah ya hore wa irin wannan akwati, ya more shi wajen labarai da karatu da kiɗa, inda daƙiƙa biyu ba su rage kome, kuma in zai sayi biyu a gida guda ya sayi iri ɗaya. Amma wajen saita agogo ya nemi tsohon FM. A watan azumi ma akwai lura, domin kiran sallar magariba da ya makara ba ya ɓata azumin kowa, ƙarin ihtiyaɗi ne kurum, na asuba kuwa, musamman ta intanet, yana iya isowa bayan alfijir ya riga ya keto, don haka mai sahur ya ajiye ƙwarya tun da sauran lokaci, kada ya jira sai akwati ya yi magana.