Abin lura kafin zuba jari a filaye da gidaje a Illela

Kasancewar Illela ƙofar shiga Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar ya sa shaguna da sito-sito da gidajen haya ke da daraja a garin. Sai dai masu zuba jari da dama kan biya kuɗi bisa shaidar dillali da mai unguwa kaɗai, abin da bai isa hujja ba idan rikici ya taso.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Saboda haka abin da mai saye ke samu haƙƙin amfani ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da fili mai takardar shaidar mallaka ko jinginar da shi na buƙatar amincewar gwamna. Idan filin na gado ne, wajibi ne a tabbatar an raba shi kuma magada sun sa hannu.

Akwai kuma harajin hatimi da kuɗin rajista da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Ya dace a lissafa su tun kafin ciniki, a kuma adana rasit.

Game da jari, mai gudun kuɗin ruwa na iya neman tsarin ijara ko murabaha a bankuna irin su Jaiz. Amma kada a ɗora biyan bashi kacokan kan kuɗin haya. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Duk lokacin da manyan motoci suka tsaya, 'yan haya kan kasa biya, bashi kuwa ba ya jira.